'Yan Kweka Da Auren Jinsi: Inda Gizo Yake Saƙa

Duk wanda ya taɓa jinyar mara lafiya, ko ya yaye yaro a birni, zai iya tuna gwangwanin nan na Quaker Oats mai hoton wani dattijon Bature da baƙar malfa yana murmushi. Da yawa daga cikinmu iyakar saninmu da wannan suna ke nan. Alhali kuwa sunan wata ɗariƙa ce ta addini, wato ɗariƙar Kweka, wadda ta tsiro daga cikin Kiristanci a ƙasar Ingila sama da shekaru 370 da suka wuce. Kamfanin ba shi da wata dangantaka da ita, aron sunan kawai ya yi saboda shaidar gaskiya da riƙon amana da aka yi wa mabiyanta a sha'anin ciniki.

Abin da ya sa na ɗauko zancensu a wannan fili shi ne, a ranar 31 ga Yuli, 2009, waɗannan mutane sun yi babban taronsu na shekara a birnin York, suka tsayar da shawarar cewa daga ranar za su ɗauki zaman namiji da namiji, ko mace da mace, daidai da auren namiji da mace, kuma suka nemi gwamnatin Birtaniya ta sauya doka domin ta amince da irin wannan aure. Sun yi haka ne shekaru huɗu kafin majalisar ƙasar ta yi nata.

Kafin in yi nisa, bari in faɗa wa mai karatu inda na tsaya, don kada a yi mini mummunar fahimta. Ni Musulmi ne, kuma abin da na yi imani da shi shi ne aure tsakanin namiji da mace ake ɗaura shi. A kan wannan babu saɓani tsakanina da mafi yawan 'yan uwanmu Kiristocin ƙasar nan. To, amma na lura duk sa'ad da maganar auren jinsi ta taso a majalisunmu, bayani biyu ne kawai muke da su: ko dai a ce Turawa ba su da addini, ko kuma a ce kuɗi aka ba su. Waɗannan bayanai biyu ba su hau kan 'yan Kweka ba. Wanda kuwa bai san dalilin abokin muhawararsa ba, komai ƙarfin muryarsa, harbin iska yake yi.

Mutumin da ake jingina wa kafa ɗariƙar shi ne George Fox, ɗan wani masaƙi, wanda ya rayu daga 1624 zuwa 1691. Koyarwarsa ita ce, a zuciyar kowane ɗan Adam akwai wani haske daga Ubangiji, don haka babu mai buƙatar limami ko fada a tsakaninsa da Mahaliccinsa. Sunan da suka zaɓar wa kansu shi ne Ƙungiyar Aminai. Shi kuwa Kweka, wato masu makyarkyata, wani alƙali ne ya laƙaba masu shi don ba'a a shekarar 1650, bayan Fox ya ce masa ya ji tsoron kalmar Ubangiji har jikinsa ya yi rawa. Ba sa rantsuwa a kotu, domin a ganinsu mai gaskiya ba ya da magana iri biyu. Ba sa cire hula don girmama sarki ko alƙali. Ba sa ɗaukar makami. Saboda waɗannan ɗabi'u an ɗaure dubbansu, ɗaruruwa suka mutu a kurkuku, har aka rataye wata mata daga cikinsu mai suna Mary Dyer a birnin Boston a 1660.

Ba zan ɓoye alherinsu ba, domin addinina ya hore ni da yin adalci ko ga wanda na saɓa da shi. A cikin mutum 12 da suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a Landan a 1787, tara 'yan Kweka ne. A 1947 ƙungiyoyinsu na agaji guda biyu, ta Birtaniya da ta Amurka, suka karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. A 1949 su ne suka riƙe aikin ciyar da Falasɗinawa 'yan gudun hijira a Zirin Gaza kafin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa daga hannunsu, kuma makarantar da suka kafa a Ramallah tun 1869 tana nan. A 2018 'yan Kwekan Birtaniya suka yanke cewa ba za su zuba jarinsu a duk kamfanin da ke cin riba daga mamayar ƙasar Falasɗinu ba. Mu ma nan Nijeriya mun ga hannunsu: a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wani ɗan Kweka mai suna Adam Curle da abokan aikinsa sun yi ta kai-kawo da saƙonni tsakanin Janar Yakubu Gowon da Odumegwu Ojukwu. Irin waɗannan mutane ba za a ce da su 'yan iska ko 'yan neman abin duniya ba. To, me ya kai su?

Amsar tana cikin yadda suke ibada da yadda suke yanke hukunci. A Birtaniya, ɗakin ibadarsu ba shi da mumbari, ba shi da fasto, ba a waƙa. Zama suke yi shiru na kimanin sa'a guda, wanda ya ji an cusa masa wata magana a zuciya sai ya miƙe ya faɗa, ya zauna. Haka kuma suke tafiyar da al'amuransu. Ba sa kaɗa ƙuri'a. Za a yi ta saurare da shiru har magatakardan taro ya fahimci inda zukata suka karkata, sai ya rubuta matsaya ya karanta, in an gamsu ta zauna, in ba a gamsu ba a ɗage, ko da kuwa zuwa baɗi ne. Sun yi imani cewa abin da ya fito ta wannan hanya shiriya ce daga Ubangiji, kuma sun yi imani cewa wannan shiriya ba ta rufe ba, tana iya zuwa da abin da magabata ba su sani ba. Littafin Baibul yana da daraja a wurinsu, amma ga wannan reshe na Birtaniya ba shi ne mai magana ta ƙarshe ba.

Aurensu ma haka yake. Tun zamanin Fox suka tafi a kan cewa Ubangiji ne kaɗai ke haɗa aure, mutane shaidu ne kawai. Ango da amarya su ke miƙewa a cikin taron shiru su yi wa juna alkawari, sannan duk wanda ya halarta ya sa hannu a takardar shaida. Dokar aure ta Ingila ta 1753, wadda ta tilasta wa kowa ɗaura aure a cocin gwamnati, ta keɓe Yahudawa da 'yan Kweka. Ashe ke nan sun daɗe da gatan ɗaura aurensu yadda suka fahimta.

Idan mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, sauran labarin ba zai ba shi mamaki ba. A 1963 wasu mutum 11 daga cikinsu suka fitar da wani ɗan littafi a kan yadda ɗan Kweka ya kamata ya kalli sha'anin jima'i, inda suka ce abin dubawa a kowace dangantaka shi ne ingancinta da amanar da ke cikinta. A lokacin luwaɗi laifi ne a dokar Ingila, sai a 1967 aka soke shi tsakanin manya. Littafin ya tayar da ƙura har a cikin gidansu. A 1988 kwamitinsu na zartarwa ya ce ƙananan taruka za su iya yin addu'a ga irin waɗannan ma'abota zama tare. A 2005 dokar zaman tarayya ta fara aiki a Birtaniya, wadda ta ba masu jinsi ɗaya haƙƙoƙin ma'aurata ba tare da an kira abin aure ba, ta kuma hana a yi shi a wurin ibada. Daga nan sai taron York na 2009. Hujjarsu a can ita ce wadda na ambata: tun da Ubangiji ne ke haɗawa, mu shaidu ne, kuma mun zauna da waɗannan mutane shekara da shekaru mun ga amana a zamansu, ba za mu ƙi shaidar abin da muka gani ba. Daga 1963 zuwa 2009 shekaru 46 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Bayan haka sai suka koma majalisa, tare da wasu ƙananan ƙungiyoyin addini biyu, wato cocin Yunitariyan da wani reshe na Yahudawa masu sassaucin ra'ayi. A 2010 aka yi gyaran doka da ya ba da damar yin zaman tarayya a wuraren ibadar da suka yarda. A ranar 5 ga Fabrairu, 2013, majalisar wakilai ta amince da ƙudurin auren jinsi a karatu na biyu da ƙuri'a 400, masu adawa 175. Sarauniya ta sa hannu a watan Yuli na shekarar, aka fara ɗaura irin wannan aure a ranar 29 ga Maris, 2014. Yawan 'yan Kweka a Birtaniya bai kai dubu 20 ba, amma sun yi tasirin da ya fi yawansu, domin sun ba gwamnatin David Cameron abin da take nema: amsar da za ta ba duk wanda ya ce dokar yaƙi ce da addini. Sai a nuna masa masu addinin da su ne ma suke roƙon a yi ta.

Akwai wani abu a cikin dokar da ya kamata a lura da shi. Ba ta tilasta wa kowane coci, ko masallaci, ko limami ɗaura irin wannan aure ba. Ƙungiyar addinin da take so ita ce za ta nemi shiga da kanta, wadda ba ta so babu mai kai ta ƙara. Su ma 'yan Kweka abin da suka faɗa ke nan, cewa 'yancin kansu suke nema, ba tilasta wa wani ba. A riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Mafi yawan 'yan Kwekan duniya ba a Ingila suke ba. Ƙasar da ta fi kowace yawansu ita ce Kenya, inda suka haura dubu 100, tun daga zuwan wasu 'yan mishan uku daga Amurka garin Kaimosi a 1902. Waɗannan suna da fastoci, suna waƙa, suna wa'azi, kuma Baibul ne a gaba a wurinsu. A 2012, shekarar da aka yi babban taron 'yan Kwekan duniya a Jami'ar Kabarak da ke kusa da Nakuru, shugabancin cocinsu na Kenya ya fitar da sanarwa yana nesanta kansa daga wannan al'amari, yana cewa ya saɓa wa Littafi. A Amurka ma gidan ya tsage. Babban taron jihar Indiyana ya rabu biyu a 2013 a kan matsayin da wani reshensa na West Richmond ya ɗauka. Na Karolina ta Arewa ya wargaje a 2017, na arewa maso yammacin ƙasar shi ma ya dare a wannan lokaci. Mutanen da suka shahara da sasanta masu yaƙi sun kasa sasanta kansu a kan wannan batu.

Wannan shi ne ya kawo ni ga tambayar da nake ganin ita ce zuciyar maganar. Idan hasken zuci shi ne alƙali, to wane haske ne gaskiya, na York ko na Kaimosi? Dukkansu sun yi addu'a, dukkansu sun ce Ubangiji suke bi. Na York ya zo daidai da inda ra'ayin jama'ar Birtaniya yake karkata a waɗannan shekaru, na Kaimosi kuma ya zo daidai da ra'ayin jama'ar Kenya. Ni a nawa ɗan tunani, wannan dacewa abin tsoro ce. Zuciya tana jin muryar Ubangijinta, amma tana kuma jin muryar unguwarsu, kuma ba kullum take iya rarrabe su ba.

Na san amsar da za su ba ni, kuma ba ƙaramar amsa ba ce. Za su ce da wannan hasken ne muka gane haramcin bauta a lokacin da masu riƙe da littattafai suke kafa hujja da ayoyi suna sayar da mutane. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai addinin da ya san tarihi ya kamata ya sunkuyar da kai a nan. Sai dai tarihin nasu yana da wani shafi. William Penn, babban ɗan Kwekan da ya kafa Pensilbaniya a 1681, shi kansa ya mallaki bayi. Takardar farko da wasu 'yan Kweka suka rubuta ta ƙin bauta a Germantown a 1688 ajiye ta aka yi ba a yi aiki da ita ba, sai a 1776 babban taron Filadelfiya ya haramta wa mabiyansa mallakar bawa. Shekaru 88 ana zaman shiru ana jiran haske, bayi suna noma a gonakin masu shirun. Ashe hasken ma yana iya dusashewa idan ya ci karo da abin da zamani ya saba da shi. Mai karanta nassi yana kuskure, mai sauraren zuciya ma yana kuskure. Bambancin shi ne, nassi yana nan a rubuce, ba ya sauyawa da sauyin yayi, kuma na baya zai iya komawa gare shi ya gyara karatun na gaba. Saboda haka ne nake cewa saɓaninmu da 'yan Kwekan Birtaniya ya girmi maganar aure. Saɓani ne a kan wane ne ke da magana ta ƙarshe a addini. Kyawun halin mutum ba ya mayar da fatawarsa hujja, kamar yadda kuskuren fatawarsa ba ya shafe alherin da ya yi.

Ita kanta kalmar daidaito da aka yi yaƙin da ita, tana da iyaka a can Birtaniyar. Har yau mutumin da ya ɗaura aure na biyu a ƙasar alhali na farko yana nan ya yi laifi a doka, ko da matan biyu sun yarda. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke cewa auren Musulunci da aka ɗaura ba tare da bin ƙa'idojin rajista ba, ba aure ba ne a idon doka. Ban kawo wannan don ƙorafi ba, ƙasarsu ce, dokarsu ce. Na kawo shi ne don a ga cewa babu al'ummar da ta buɗe ƙofar aure ga kowane irin haɗi. Kowa ya ja layi a wani wuri bisa abin da ya yi imani da shi. Su sun ja nasu, mu ma muna da namu.

Na ce zan dawo kan maganar rashin tilastawa. A watan Oktoba na 2011, a taron ƙasashe renon Ingila da aka yi a birnin Perth na Ostareliya, Firayim Minista Cameron ya nuna cewa Birtaniya za ta iya rage tallafi ga ƙasashen da dokokinsu suka haramta luwaɗi. A wata mai bi masa Majalisar Dattawan Nijeriya ta amince da ƙudurin hana auren jinsi, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, da hukuncin ɗaurin shekaru 14. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan doka, abin da ya bayyana shi ne barazana ba ta sauya zuciyar kowa ba, sai ma ƙara taurara ta da ta yi. Idan ba daidai ba ne a tilasta wa limamin Birmingham, ban ga yadda zai zama daidai a tilasta wa al'umma guda ta hanyar riƙe mata kuɗin magani ba. 'Yan Kweka sun ɗauki shekaru 46 suna lallashin junansu. 'Yan siyasar ƙasarsu kuwa so suka yi a gama da Afirka a jawabi guda.

To, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Akwai abin da ya kamata mu ma mu ji kunyarsa. A Janairun 2014 wasu mutane sun yi wa wata kotun shari'a a Bauchi ruwan duwatsu suna neman a miƙa masu waɗanda ake tuhuma, kafin alƙali ya gama sauraren shaidu. A wata mai bi masa aka bi wasu samari gida-gida ana duka a unguwar Gishiri da ke Abuja. Wannan ba addini ba ne. Addinin da ya hana abin da muke ƙi, shi ne ya hana leƙen asirin mutane, ya tsananta sharuɗɗan shaida, ya sanya hukunci mai tsanani a kan ƙazafi, ya kuma ce hukunci na hukuma ne. Wanda ake zargi ɗan wani ne, ƙanin wani ne, kuma jininsa da mutuncinsa ba su halatta ga 'yan unguwa ba. Duk ranar da muka bar sanda ta yi mana magana, mun miƙa wa abokan muhawararmu hujjar da ba su da ita.

Bugu da ƙari, mai kare aure da baki ya kamata a ga alamar hakan a gidansa. Tun daga 2012 gwamnatin Kano take aurar da zawarawa, har a Oktoban 2023 aka ɗaura aure 1,800 a rana guda. Abin a yaba ne, amma kuma shaida ce a kan yawan matan da aka saka aka bar su da 'ya'ya. Waɗannan ba 'yan Kweka ne suka sake su ba, ba kuma majalisar Birtaniya ba. Yaron da ya tashi yana ganin an kori uwarsa a kan gishirin miya, da wuya a gamsar da shi gobe cewa aure abu ne mai tsarki.

Kiran da zan yi ga malamanmu da fastocinmu shi ne, su daina raina hankalin matasa. 'Ya'yanmu suna karatu a York da Landan da Filadelfiya, wasunsu kuma duniyar ta iske su a wayar da ke hannunsu. Idan abin da muka gaya masu kawai shi ne masu wannan ra'ayi duk lalatattu ne, ranar da suka haɗu da wata dattijuwa 'yar Kweka mai gaskiya, mai tausayi, mai fita zanga-zanga don Gaza, sai su ce ashe ƙarya aka yi mana, daga nan kuma su fara shakkar sauran abin da muka koya masu. Gara mu gaya masu gaskiya tun yanzu: akwai mutanen kirki da suka tafi a kan wannan ra'ayi, ga dalilinsu, ga kuma dalilin da ya sa ba mu bi su ba. Imanin da aka gina a kan sani ya fi jure iska.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya kuma hore mana adalci ga wanda muka yarda da shi da wanda muka saɓa. Amin.